Muciyar da Na Kai Guangzhou

Tun da na dawo daga Caina ban huta da tambaya ba. A bakin rumfata ta katako, a masallaci, har a wurin ɗaurin aure, sai an samu mai jawo ni gefe ya ce, "Malam Habu, wai da gaske ne da muciya ka tafi?" Wasu kuma so suke su ji ko an ba ni naman kare. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Karatuna bai yi nisa ba, sai a yi haƙuri da rubutun. Naman kare dai ban ci ba. Muciya kuwa gaskiya ne, kuma cikin abin kunyar da na yi a tafiyar nan ita ce ƙarama.

Ni ɗan katako ne a Kano, amma mahaifiyata daga wani ƙauye ta fito a gindin duwatsu, can ƙasar Taraba. Wanta, Kawu Sale, shi ne mai kula da kurmin da ke bayan ƙauyen. Kurmin nan cike yake da madobiya, irin manyan da mutum ɗaya ba ya iya rungumarsu. A jikinsu Kawu yake rataya amyarsa ta zuma, da rani kuma Fulani su roƙi izininsa su sassabo ganye su ba shanu. Shekarun baya an sare madobiyar yankin kaf an yi Caina da ita, har sai da hukuma ta hana. Wannan kurmi ya tsira ne don hanyarsa a ɓoye take, sai ɗan gida ya san ta.

To, ni ɗan gida ne.

Akwai wani mutumin garinmu da ya daɗe a Guangzhou yana dillanci, Alhaji Tanko. Shi ya ce mini a waya in na samo madobiya mai kauri, ya san mai saye, ya kuma san yadda ake bi da ita ta ƙasar maƙwabta. Na san an hana. Ba zan ce ban sani ba. Na shirya na tafi ƙauye da tsarabar sukari da ganyen shayi, na ce wa Kawu zan nema masa masu sayen zuma a ƙasar waje, amma suna so su ga inda ƙudan zuman yake kwana. Tsohon nan ya sa hularsa ta zuwa Juma'a, ya shige gaba, ina biye da shi ina ɗauka da waya. Yana tafe yana faɗa mini sunan kowane rafi da kowane dutse, yana ta murna wai ɗan ƙanwarsa ya tuna da shi.

Saura samfuri. Alhaji Tanko ya ce in zo da guntun itacen a gani. Na ji tsoron kada kwastan su kama ni da shi, sai dabara ta zo mini. Na samo wani reshe da iska ta karya, na kai wa masassaƙi ya yi mini muciya. Na ce a raina wane ma'aikaci ne zai tsaya binciken muciya? Ranar nan na kwana ina yaba wa kaina basira.

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa, inda na yi barci a kan kujera na rungume jaka kamar mai jego. A jirgi na biyu aka zaunar da ni a tsakiyar wasu 'yan Caina biyu. Duk lokacin da mai rabon abinci ta zo sai su ce a ba su ruwan zafi. Ba shayi ba, ruwan zafi zalla. Na tausaya musu, na ɗauka dukansu mura suke yi. Sai da na sauka na tarar ƙasar ce gaba ɗaya take shan ruwan zafi, ko da rana tana dukan ƙwaƙwalwa.

A wurin 'yan shige da fice aka ce in ɗora yatsuna a kan wani gilashi. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Na goge a riga na sake ɗorawa, ta ƙi. Shekarun da na yi ina shafa katako sun cinye zanen yatsun. Sai da ma'aikaciyar ta ba ni wani mai na shafa, sannan na'urar ta yarda ni mutum ne. Na wuce gaba ke nan wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gindin jakata ya ƙi tashi. Kilishina ya ji. Aka buɗe jakar aka kwashe kilishin duka, ina kallo. Sai ma'aikacin ya zaro muciya. Ya juya ta, ya auna nauyinta, ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Suka yi mini alama da hannu, ta mece ce? Turancina bai kai nan ba. Sai na karɓa, na durƙusa a tsakiyar filin jirgi da babbar rigata, na riƙe tukunyar da babu ita da ƙafafuna, na shiga tuƙa tuwo. Har da rage wuta. Mutanen da ke layi suka zaro wayoyi. Ma'aikacin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya miƙo mini abata ya ce in wuce. Cikin masu ɗaukar hoton akwai 'yan kasuwar Kano, shi ya sa labarin ya riga ni dawowa gida.

Alhaji Tanko ya sauke ni a wani masauki a unguwar Xiaobei, inda in ka rufe ido ka saurara za ka rantse a Fagge kake. Ɗakin mu biyu ne, ni da wani Badamagare mai sayen takalma a kasuwar Zhanxi, sunansa Isufu. Yana jin daga Kano nake ya ce, "Alhamdu lillahi, an kawo mini bawa. Ga jakata can, Bakano, a gyara mata zama."

Na ce, "Bari in fara tambaya ko an taɓa ganin bene a garinku, kada ka faɗo ta taga."

Daga nan muka ɗinke. Isufu ya yi shekaru a Angola kafin ya koma harkar Caina, bakinsa ya iya Faransanci da yaren Fotugal da Hausar da ya ce ita ce ta asali. Shi ya koya mini kalmomin da aka ce sun isa mutum ya rayu: nihaw, sannu ke nan, lawban, maigida, sheshe, na gode, sai meyo, wato babu. Wannan ta ƙarshen na fi ji. Ka nemi canji, meyo. Ka nemi ragi, meyo. Mai sayar da lemo a bakin titi ma ba ta son kuɗin takarda, sai ta nuna maka wani ɗan zane ka haska da waya.

Abinci kuwa, ranar farko Isufu ya kai ni wurin wasu Musulmin Caina masu farar hula, suna ja wa taliya tsawo da hannu kamar masu tufka igiya. Aka kawo mini ita cikin romo da tsinke biyu. Na yi ta fama, in kama ta zame, in kama ta zame, har romon ya yi wa rigata ado. Na ajiye tsinken na sa hannu, romon ya ƙona ni. Washegari ya ji tausayina ya hau da ni wani bene, ya ƙwanƙwasa wata ƙofa da ba alamar komai a jikinta. Ciki wata Hajiya Memuna ce, mutuniyar Kumasi, tana sayar da tuwo da miyar kuka. Na ci har na ji hawaye. Abin da ya dame ni kawai, da wani cokalin roba take tuƙi, tana tsaki. Ta ce da irin Hausarsu, "Ƙasan nan komai akwai, amma muciya mai kyau meyo." Na ci gaba da cin tuwona kamar ban ji ba.

A wurin Hajiya Memuna na yi kuskuren da ya fi kowanne. Alhaji Tanko ya zo ya same ni na ƙoshi, ya yi ta zuga ni, "Malam Habu, kai fa yanzu babban mutum ne. Ina bidiyon nan?" Da ma na ƙi tura masa tun daga gida. Ba tsoron Allah ya hana ni ba, tsoro nake kada ya zagaye ni. Amma cikakken ciki da kirari sun fi ƙarfina. Na ce ba zan ba shi duka ba, ga dai ɗanɗano. Na yanko ɗan guntu na tura masa. Ban lura ba a cikin guntun ana ganin wani dutse mai kai biyu da duk yankin aka san shi, ga kuma muryar Kawu tana faɗin sunan rafin da ake bi.

Esin ɗakinmu, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya lalace, zafin Guangzhou kuwa irin mai danshi ne, kana fitowa daga wanka kana neman wani wankan. Na yi ta kai ƙara ana ce mini gobe. Wata safiya na buɗe ƙofa sai ga wani gajeren mutum kakkaura, mai sulɓin baƙin gashi, yana wucewa da akwatin kayan aiki. Na ce yau dai Allah ya kawo shi. Na riƙo hannunsa na ce, "Nihaw, lawban!" na jawo shi ciki, na nuna masa esi, na yi ta fifita da hannu ina cewa, "Sanyi meyo! Meyo!" Har kujera na jawo masa ya taka.

Mutumin ya dube ni, ya dubi esi. Bai yi fushi ba. Ya hau kujerar, ya buɗe murfin, ya leƙa, ya sauko, ya faɗi wata magana a hankali. Isufu da ke kwance yana danna waya ya zabura ya zauna. Ya mayar masa da magana, suka yi 'yar musaya, sai Isufu ya faɗi a kan katifa yana dariya har da shure-shure.

"Bakano, ka kashe ni! Wannan ba ɗan Caina ba ne. Baƙo ne kamarka, ɗakinsa na kallon namu. Daga Burazil ya zo, daga cikin dajin Amazon. Ya ce a ba ka haƙuri, garinsu ba su da esi, amma a ganinsa ƙura ce ta toshe shi."

Na rasa inda zan sa kaina. Na lalubo goro ɗaya cikin 'yan waɗanda suka tsira a aljihuna, na miƙa masa da hannu biyu. Ya gutsura, fuskarsa ta tattare gaba ɗaya, amma ya daure ya cinye. Sannan ya fita ya dawo da wata irin gyaɗa mai girman babban yatsa, ya ba ni. Ya ce sunanta kastanya, shi kuma sunansa Bento. Na ci na ji kamar an haɗa kwakwa da man shanu. Na lura ni na ba shi ɗaci, shi ya ba ni daɗi, bayan na sa shi aikin da ba nasa ba.

Abin da ke cikin akwatin nasa ba kayan gyara ba ne. Ɗan jirgin nan ne mai kyamara da ake tuƙawa daga ƙasa. Jama'arsa ne suka haɗa abin da suka samu a cinikin kastanya suka turo shi ya sayo batura da oba-oba, wato rediyon hannu na kiran juna, da fitilu masu aiki da hasken rana, don a can ƙasarsu kayan sun yi tsada. Da ya ga Isufu yana jin yarensa kuma ya san gari, sai ya roƙe shi ya raka shi kasuwar kayan lantarki ta Tianhe. Ni ma na ce zan je. Kada a ɗauka zumunci ne. Ina jin an ce Amazon, dajin da ya fi kowanne girma a duniya, sai zuciyata ta fara lissafin kwantena. Na ce Allah ya haɗa ni da uban katako.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda ƙofa ta kusa cinye mini gefen riga. A kasuwar, bene a kan bene, Bento bai iya ciniki ba sam. Duk abin da aka faɗa masa sai ya gyaɗa kai. A nan na yi amfani. Na shiga tsakani na yi ta jefa meyo da sheshe, ina kama hanyar fita ana jawo ni, har wata lawban ta dafe kai ta ce a ɗauka. Abin da Bento ya iya shi ne tambaya. In ruwan sama ya daki wannan fa? In ya faɗa kogi fa? Yana ƙara da yawa, har mai yankan itace ya ji shi daga nesa?

Da muka zauna shan ruwa na ga lokaci ya yi. Na zaro muciya daga jaka na ɗora a kan tebur, na ce wa Isufu, "Faɗa masa ni ma mutumin daji ne. Faɗa masa in yana da irin wannan a wurinsu, ina da hanya, kowa zai samu."

Isufu ya ce, "Ka tabbata in faɗa?"

"Aikinka fassara, ba shawara ba."

Ya faɗa. Bento ya ɗauki muciyar ya sunsuna, ya ƙwanƙwasa ta da farce ya saurara. Sannan ya buɗe wayarsa ya nuna mini abin da jirgin nasu ya ɗauko daga sama. Daji ne kore shar, iya ganinka, sai a gefe guda ya yanke kamar an sa reza, daga nan sai jar ƙasa da shanu. Ya ɗora yatsa a kan layin. Isufu ya riƙa juyo mini maganarsa.

"Ya ce koren nan ƙasarsu ce, jan kuma ta waɗanda suka sayar. Ya ce ba shingen waya ne ya tsare layin nan ba, ba soja ba, ƙafafunsu ne. Suna zagaya shi rukuni-rukuni, maza da mata, in sun ga sabuwar hanyar mota su ɗauki hoto su kai wa hukuma, su kuma tare hanyar. Ya ce wansa ya tafi irin wannan zagayen bai dawo ba."

Na ce Allah ya ji ƙan rai. Na fara jan muciyata a hankali zuwa gefena.

"Ya ce bishiyar kastanyar da ka ci ba ta 'ya'ya sosai in an sare dajin da ke kewaye da ita, ko an bar ta ita kaɗai a tsaye, don ƙudan da ke mata barbara a dajin yake zaune. Ya ce dajin nan shi ke tara hadari ya tura wa manoman da ke nesa, waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Shekarun nan koginsu ya janye har kwale-kwale ya zauna a kan yashi, abin da kakarsa ba ta taɓa gani ba. Yanzu manyan duniya suna kiransu taro su tafa musu, wai su ne masu riƙe wa duniya sanyi. Ya ce tafi ba ya cajin batir."

Isufu ya ƙara nasa. "Mu Damagarawa ba sai an ba mu labari ba. Sai da rairayi ya shigo mana gona muka koyi barin gawo ya tsiro. Ku Kanawa kuwa, da za a sayi inuwar uwarku da kun auna ta da mudu."

Sai Bento ya sake magana, kuma wannan karon ni yake kallo.

"Ya ce yana da tambaya. Wa ya nuna hanyar zuwa wurin wannan itacen? Ya ce a wurinsu baƙo bai taɓa gano babban itace da kansa ba. Daji ya fi ƙarfin baƙo. Kullum ɗan gida ne yake shiga gaba."

Na ce reshe ne iska ta karya. Gaskiya ce, amma ban taɓa faɗin gaskiyar da ta yi kama da ƙarya kamar wannan ba. Don in kawar da zancen na ce to, in sun kama ɗan gidan me suke yi masa? Na zaci zai ce kibiya.

"Ya ce ba sa dukansa. Kai shi suke yi wurin kututturen itacen da aka sare da safe su zaunar da shi a kai. Ba mai zaginsa, ba mai yi masa magana. Ya zauna a nan har rana ta faɗi, a daidai inda inuwa take a da. In ya tashi an gama, gobe da shi za a fita zagaye, shi ne ma a gaba, tunda ya san hanyar ɓarayi."

Na yi dariyar yaƙe na ce hukuncin nan da sauƙi.

Kwana biyu bayan haka Alhaji Tanko ya ɗauke ni a mota zuwa wani gari a wajen birni, inda ake ƙera kujeru da gadaje na alfarma. Mai sayen ya karɓe mu da shayi a wasu kofuna kamar murfin kwalba, ba sukari ba madara. In an zuba maka sai ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Ni na yi da tafin hannu har kofunan suka yi tsalle. Ya karɓi muciya ya duba launinta, ya ɗaga babban yatsa. Daga nan Alhaji ya ce, "Malam Habu, ɗan jira mu a waje, za mu yi maganar takardu."

Waje fili ne na siminti, babu ko tsiron ciyawa, an jibge gumagumai tsibi-tsibi. Madobiya ce, na san ƙanshinta kamar na ɗakin uwata. Na nemi inuwa na rasa, sai na hau wani gungume na zauna. Rana ta taso. Siminti ya ɗau zafi yana mayar mini da shi ta ƙasa. Na cire hula na yi fifita, na mayar. Ba su fito ba. Can ina shafa gungumen, irin shafar da ɗan katako yake yi ba da saninsa ba, sai hannuna ya ci karo da wani abu. Na duba. Guntun turke ne an kafa a jikin itacen, zarto ya yanke shi daidai da fatar. Na bi da ido na ga wani a sama da shi, da wani kuma. Irin turakun da mai zuma yake kafawa ne ya taka ya hau wurin amyarsa. Ban san ƙasar da itacen ya fito ba, ban san mai shi ba. Na dai san wani tsoho ya yi shekaru yana hawa nan, kuma wani ɗan gida ya shiga gaba.

Ba wanda ya zaunar da ni. Ni na hau da ƙafata, na biya kuɗin jirgi na zo na hau.

Da Alhaji ya fito na ce masa na fasa, ba zan ba da sauran bidiyon ba. Na faɗa da murya irin ta wa'azi, ina jiran ya roƙe ni. Sai ya yi murmushi ya miƙo mini muciyata.

"Ba komai, Malam Habu. Dutse mai kai biyu ai ba ɓoyayye ba ne. Yarana sun tashi tun shekaranjiya."

A hanyar dawowa ban san yadda na iso masauki ba. Na tarar da Isufu da Bento suna ɗaure kwalaye. Na zayyana musu komai, har hular Juma'ar Kawu. Isufu bai tsokane ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na ce ƙauyen babu sabis sai a teburin wani mai shayi da ke kan tudu, bari in tura masa saƙo in ce na ji ƙishin-ƙishin wasu baƙi za su shiga kurmi. Isufu ya fassara. Bento ya girgiza kai.

"Ya ce in ka ce ƙishin-ƙishin ne, sai sun gama shan shayi su yi shawara. In ka ce ni ne na nuna hanya, ga rafin da za su bi, yanzu za su tashi. Ya ce ka fara da sunanka."

Na danna waya na fara da sunana da na mahaifiyata. Na faɗi abin da na yi, na faɗi rafin, na roƙi Kawu gafara, har da jan majina. Na tura. Abin da ban yi tunani ba shi ne mai shayin yana da lasifika da yake sa waƙa. A nan ya sa saƙon, ranar kasuwa. An ce sai da aka maimaita shi har yara suka haddace.

Amma mutanen ƙauye sun tashi. Maharba da Fulani da matasan gari suka bi rafin, suka tarar da masu injin yankan itace sun riga sun fara. Suka tare su, aka kira hukuma. Kurmin yana nan. Sai dai itatuwan bakin rafi sun tafi, cikinsu har da babbar da Kawu ya gada daga mahaifinsa, wadda ya tsaya a gindinta a bidiyona yana gyara hula.

Ranar da zan taso Bento ya ba ni kastanya cike da leda, wadda kwastan ɗinmu suka ce su ma sai sun ɗanɗana. Ni kuma da guzurin da ya rage mini na koma Tianhe na sayi oba-oba irin tasa. Ban kwana biyu a Kano ba na wuce ƙauye. Ina sauka daga babur yara suka biyo ni suna rera, "Ni ne Habu ɗan Hajara, ni ne na nuna hanya," har da jan majinar a inda take.

Kawu ya amsa gaisuwata, ya karɓi oba-oba ya ajiye a gefe, ya ci gaba da aikinsa. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Washegari da sassafe na bi rafi ni kaɗai, na sami kututturen babbar, jan ruwanta ya bushe a kai kamar jini. Na hau na zauna. Na yi niyyar sai faɗuwar rana. Hantsi ya yi, rana ta take, ƙudan zuman da aka rushe wa gida suka yi ta kewaya kaina, ɗaya ya sauka a kunnena ya yi abin da ya kawo shi. Wajen azahar sai ga Kawu da sabuwar amya a kafaɗa. Ya tsaya ya dube ni.

"Me kake yi a nan?"

Na ce, "Kawu, hukunci ne na mutanen Amazon."

"Su waye kuma haka?"

Na fara bayani, kunne a kumbure. Ya saurara har na kai wurin da aka ce gobe mai laifin ne zai shiga gaba a zagaye. Sai ya sauke amyar ya ɗora mini a ka.

"Mutanen nan suna da hankali, amma suna da lokaci da yawa. Mu a nan ba ma jiran gobe. Tashi ka shige gaba, tunda ka san hanya."

Na shige gaba. Tun daga ranar duk wata nakan bar rumfa in je a yi zagayen da ni, oba-oba a ƙugu, yara suna kirana da sunan da ba zan rubuta a nan ba.

Masu tambayar ina muciyar take, ban dawo da ita ba. Da na je sallama na miƙa wa Hajiya Memuna. Ta juya ta a hannu ta ce, "Kai, wannan muciya ya yi kyau! Da ma kana da shi ka bar ni da roba?" Duk wanda ya je Guangzhou ya hau benen nan ya ci tuwo, ya sani da itacen kurminmu aka tuƙa shi. Ita ke nan madobiyar da na taɓa fitarwa ƙasar waje, kuma ko sisi ban karɓa ba.